Astrakhan: Hamadar da Ke Ciyar da Rasha Kifi da Kankana

A kasuwannin Mosko, idan watan Agusta ya raba, mai sayar da kankana ba ya buƙatar dogon talla. Ya isa ya rubuta a jikin kwali cewa tasa daga Astrakhan take, ko da kuwa ba can ɗin aka nomo ta ba. Haka mai busasshen kifi yake yi. Haka ma, a zamanin da, mai sayar da baƙin ƙwan kifin nan da attajiran Turai ke lasa da ɗan ƙaramin cokali. Wanda bai san wurin ba sai ya zaci wata ƙasa ce mai dausayi, inda sama ba ta gajiya da zubar da ruwa. Alhali ruwan da ke sauka a birnin Astrakhan a shekara guda bai cika wuce milimita 230 ba, kuma rana da iskar wurin suna iya ƙafar da ninki huɗu na wannan. Ƙanwar hamada ce, har da raƙumanta da tuddan rairayinta.

To daga ina ruwan kifin da na kankanar yake zuwa? Daga nesa. Dusar ƙanƙarar da ta kwanta a dazuzzukan tsakiyar Rasha da gindin tsaunukan Ural, ita ce ke narkewa ta gangaro ta Kogin Volga, ta yi tafiyar dubban kilomita kafin ta iso. Jihar Astrakhan da ruwan wasu take rayuwa, kuma duk abin da za a faɗa game da ƙasarta, da tsuntsayenta, da sana'ar mutanenta, daga nan ya samo tushe.

Tsohon gindin teku

Jihar tana kudu maso gabashin ɓangaren Rasha na Turai, tafiyar kimanin kilomita 1,400 a mota daga Mosko. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 49,000, mutanenta kuwa ba su cika miliyan ɗaya ba. Ƙidayar 2021 ta sa su wajen dubu 960, kuma kusan rabinsu a babban birnin suke. Daga arewa tana iyaka da Jihar Volgograd, daga yamma da Jamhuriyar Kalmikiya, daga gabas da ƙasar Kazakistan, daga kudu kuwa sai Tekun Kasfiyan. A cikin Disamban 1943 aka yanke ta a matsayin jihar da take a yau.

Mafi yawan ƙasarta tana ƙasa da matakin tekunan duniya. Tekun Kasfiyan ba shi da mafita zuwa ko'ina. Ruwa ya shiga, ba ya fita sai ta hanyar ƙafewa, kuma fuskarsa tana kimanin mita 28 zuwa 29 ƙasa da ta sauran tekuna. Mutumin da ke tsaye a kasuwar Astrakhan, ashe yana cikin wani ƙaton kwari ne da ya fi mita 20 zurfi, sai dai idonsa ba zai gaya masa ba, don ƙasar shimfiɗe take har iyakar gani. Dubban shekaru da suka wuce, tekun ya taɓa cika ya rufe wannan fili gaba ɗaya. Da ya janye sai ya bar yumɓu da rairayi da ɓawon dodon koɗi, ya kuma bar gishiri a cikin ƙasa. Shi ya sa ciyawar wurin gajera ce, mai toka-toka, mai ɗaci, irin wadda ke jure gishiri da ƙishirwa.

Yanayin ba shi da tsaka-tsaki. A watan Yuli zafi kan haura digiri 40, ga busasshiyar iska daga gabas mai ƙona ganye. A watan Janairu sanyi kan sauka ƙasa da sifili, wani lokaci har digiri 30 ƙasa da shi, kogi ya daskare, masunta su fasa ƙanƙara su zura ƙugiya. Babu dutse ko daji da zai tare iska, sai ta yi ta kaɗawa yadda ta ga dama.

Koren zare a tsakiyar fili

Volga shi ne kogi mafi tsawo a Turai, kilomita 3,530. Yana farawa ne daga wani ɗan marmaro a tuddan Valdai, arewa maso yammacin Mosko, yana tattara ruwan ƙasar da ta fi murabba'in kilomita miliyan ɗaya. Kafin ya iso Astrakhan ya gama karɓar baƙi. A nan babu wani kogi da ke ƙara masa ko ɗigo. Bayarwa kawai yake yi.

Dab da birnin Volgograd, wani reshe mai suna Akhtuba ya balle ta hagu, ya bi gefen uban nasa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa fiye da kilomita 500. Tsakaninsu akwai fadama mai faɗin kilomita 15 zuwa 30, cike da ƙoramu da tafkuna da kurmi da makiyaya. Duk wanda ya duba hoton tauraron ɗan'adam zai gan ta sarai: koren zare ɗaya tilo ya ratsa fili mai launin ƙasa. Kusan duk garuruwan jihar, irin su Akhtubinsk da Kharabali da Narimanov, a jikin wannan zare suke rataye. Ka yi nisan rabin awa daga gaɓa, sai ka shiga inda babu inuwa.

Shekarar wannan fadama tana farawa ne da cikar ruwa. Daga ƙarshen Afrilu ruwa ke fara hawa, ya kai ƙololuwa a watan Mayu, ya tsallake gaɓa ya malale makiyaya. Ruwan da ya kwanta a kan ciyawa ba shi da zurfi, don haka rana kan ɗumama shi da wuri, kuma nan ne kifaye ke kutsawa su zuba ƙwai a jikin ciyawa. 'Ya'yan kifin su ƙyanƙyashe, su yi makonni suna kiwo a ruwan ɗumi mai yalwar abinci, sannan idan ruwa ya fara ja a watan Yuni su bi shi su koma kogi. Idan cikar ta daɗe, shekarar kifi ta yi kyau, ciyawar dabbobi ma ta yi kyau. Idan ta gajarta, ƙwai ya bushe a kan ciyawa.

Ko a shekara mai kyau, akan sami kududdufan da hanyarsu ta yanke, 'ya'yan kifi su maƙale a ciki, rana tana shanye ruwan kullum. A nan ne 'yan makarantar ƙauyuka ke shigowa. Tun zamanin Tarayyar Sobiyet akwai al'adar haɗa su ƙungiya-ƙungiya a lokacin hutu, su fita da shebur da bokiti da raga mai ƙananan idanu. Inda kogi yake kusa, su haƙa 'yar lamba ruwa ya bi da kifin. Inda yake nesa, su ja raga cikin taɓo har gwiwa, su juye abin da suka kamo a bokiti, su ɗauka su kai. Kifin bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Yaron da ya yi wannan aiki ba sai an koya masa a aji cewa abincin gidansu na baɗi yana cikin bokitin ba.

Ja da bayan ruwa yana zuwa da nasa horon. Daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, wasu ƙananan ƙudaje masu cizo kan tashi daga ruwan, su cika gari, su shige ido da hanci da kunne. Mutane kan sa hula mai raga su rufe fuska, wasu su shafa turaren banila. Ba wanda ke son su, amma masunta sun san tsutsarsu abincin kifi ce.

Inda kogi ya watse

Kimanin kilomita 46 arewa da birnin Astrakhan, wani babban reshe mai suna Buzan ya rabu da Volga, kuma daga nan kogin ya fara watsewa. Reshe ya haifi reshe: Bakhtemir, Bolda, Kizan, Kigach, har aka sami ɗaruruwan hanyoyin ruwa da ke shiga teku a gaɓar da ta kai kusan kilomita 200. Wannan shi ne abin da masana ke kira delta, kuma babu mafi girmansa a Turai. Shi kansa babban birnin a kan tsibirai goma sha ɗaya yake zaune, gadoji ne ke haɗa unguwanninsa.

A ƙasan delta ba a gane inda ƙasa ta ƙare teku ya fara. Kyauro ya fi mutum biyu tsayi, ya yi bango hagu da dama, kwalekwale na bin siririyar hanya a tsakani. Sai kawai bangon ya buɗe, a fito wani fili na ruwa wanda zurfinsa bai wuce ƙugu ba, ya miƙe kilomita da yawa. Ruwan daɗi ne, ba na gishiri ba, don ƙarfin Volga ya tura na tekun baya. Amma idan iskar kudu maso gabas ta taso daga teku ta daɗe tana kaɗawa, sai ta turo ruwa ya hau gaɓa. Idan ta arewa ce, ta kore shi, kwalekwale ya zauna a kan taɓo. Kyauron nan ba ado ba ne kawai: da shi ake yin bangon gidaje, a daddatse shi a ɗaure cikin katako a yaɓe da laka. Gobararsa kuwa, a farkon bazara, takan turnuƙe birni da hayaƙi da baƙin toka.

A nan ne kuma wani irin bado yake, mai ganye kamar faifai wanda ruwa ba ya kama shi, da fure ruwan hoda wanda ya fi tafin hannu biyu. Daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Satumba yakan rufe dubban kadada, mutane su zo daga nesa don kallo. Sama da shi ga kwasakwasa, ga farin zalɓe, ga gaggafa mai farin wutsiya a kan busasshen reshe, ga agwagin ruwa da dinya da ke yada zango a hanyarsu ta ƙaura tsakanin Sibiriya da ƙasashen ɗumi.

Saura kaɗan a rasa su. A ƙarshen ƙarni na 19, matan Turai sun yi yayin sa gashin farin zalɓe a hula, mafarauta suka far wa tsuntsayen a lokacin da suke kan ƙwai, wasu kuma suna kwashe ƙwan da kwanduna. A cikin Janairun 1919, ana tsakiyar yaƙin basasa da yunwa, wani masanin aikin gona na yankin, Nikolai Podyapolsky, ya je Mosko ya gana da Lenin a kan maganar, kuma a watan Afrilun shekarar aka kafa Gandun Astrakhan, ɗaya daga cikin na farko a mulkin Sobiyet. A 1984 UNESCO ta sa shi cikin jerin gandayenta. Ni dai wannan labari yana burge ni: mutanen da ba su da tabbacin abincin gobe sun keɓe wa tsuntsu wuri, kuma tsuntsun ya dawo.

Akwai wani abin mamaki a yammacin delta da cikinta. Dubban ƙananan tuddai ne dogaye, jere da juna daga gabas zuwa yamma, tsayinsu daga mita kaɗan zuwa ashirin da wani abu, tsakanin kowane biyu da siririn tafki. Masanin nan Karl Baer ne ya bayyana su a shekarun 1850, har yau da sunansa ake kiransu, kuma har yau masana na gardama ko iska ce ta tara su ko tsohon teku. Mutanen wurin ba su jira ƙarshen gardamar ba: a kansu suka gina ƙauyuka da maƙabartu, don su ne kaɗai ambaliya ba ta hawa. Ganuwar birnin Astrakhan ma a kan irin wannan tudu take.

Tafkin gishiri da dutse ɗaya tilo

A arewa maso gabas, kimanin kilomita 50 daga gaɓar Akhtuba, kusa da iyakar Kazakistan, akwai Tafkin Baskunchak. Faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 100, yana mita 21 ƙasa da matakin teku, kuma kowace litar ruwansa tana ɗauke da kimanin giram 300 na gishiri. Mutum ba ya nitsewa a ciki. A lokacin zafi yawancinsa kan zama farin daɓe mai ƙyalli da ke kashe ido, mai taurin da aka shimfiɗa layin dogo a kansa, injuna na kankaro gishiri suna lodawa a tarago. A gefe guda ga tsofaffin turakun katako na ma'aikatan da, gishiri ya lulluɓe su fari fat.

Asalin gishirin ya girmi Tekun Kasfiyan nesa ba kusa ba. Wani teku ne na zamanin da ya fi shekara miliyan 250 ya ƙafe ya bar shi, ƙasa ta binne shi, kaurinsa ya kai kilomitoci. Maɓuɓɓugai na ratsa shi suna narkar da shi suna zubawa a tafkin, rana ta ƙafar da ruwan, sabon gishiri ya kwanta. Shi ya sa ake ɗiba ɗaruruwan shekaru bai ƙare ba. Da can raƙuma da amalanke ke jan sa zuwa bakin kogi, har aka gina layin dogo a farkon shekarun 1880. Babban kaso na gishirin da Rasha ke ci da wanda masana'antunta ke sarrafawa daga nan yake fitowa, kuma ba don shi ba da kifin Astrakhan bai yi suna ba, don kafin zuwan firji gishiri ne ke kai kifi kasuwa mai nisa.

A bakin tafkin ga Dutsen Bogdo, mai tsayin mita 150, wuri mafi tudu a duk jihar. A wata ƙasar ba za a kula shi ba, amma a wannan shimfiɗaɗɗen fili ana hango shi daga nisan kilomita da yawa. Gishirin ƙarƙashin ƙasa ne ke turo shi sama sannu a hankali, ya fito da jan yumɓu da duwatsu masu ɗauke da burbushin halittun tsohon teku. Iska ta rarake gefensa ta yi ramuka, idan tana kaɗawa sai a ji yana gunji. 'Yan ƙabilar Kalmik, mabiya addinin Buddha, suna girmama shi a matsayin wuri mai tsarki. A 1997 aka mai da kewayensa gandu, har da kogunan ƙarƙashin ƙasa da ruwa ya huda.

Sauran filin na makiyaya ne. A nan ake kiwon raƙumi mai tozo biyu, mai gashi buzu-buzu da ke zubewa idan zafi ya shigo, tare da tumaki da dawaki. A kudu maso yamma akwai saiga, wata irin barewa mai kumburarren hanci da ke tace ƙura da rani, ya ɗumama iska da hunturu. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet mafarauta sun kusa ƙarar da ita saboda ƙahon namijin da ake sayarwa don haɗa magani a gabashin Asiya. Gandun Stepnoy da aka kafa a shekarar 2000 ya taimaka ta fara farfaɗowa. A ƙarƙashin rairayin Aksaraysk kuma, a 1976, aka gano iskar gas mai yawa, mai haɗe da farar wuta, har wurin ya zama babbar matattarar farar wuta ta Rasha.

Mararrabar ayari

Inda kogi ya haɗu da teku a tsakiyar fili, dole hanyoyi su haɗu. A wannan yanki Khazarawa suka yi babban birninsu, Itil. A gaɓar Akhtuba, kusa da ƙauyen Selitrennoye na yanzu, jikokin Cengiz Khan suka gina Sarai, hedikwatar daularsu. Ibn Baɗɗuɗa, matafiyin nan na Maroko, ya iso tsohon garin Astrakhan a farkon shekarun 1330 tare da ayarin Sarki Uzbek Khan, ya ba da labarin yadda kogin ke daskarewa har a baza ciyawa a kan ƙanƙara amalanke su bi ta kai. Shi ne dai mutumin da bayan kimanin shekara ashirin ya sauka a Takedda, ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagulla. Littafi ɗaya ya haɗa mu da su.

A 1556 Sarki Ivan na Huɗu ya ci daular Astrakhan, bayan shekara biyu aka kafa sabon birni a gaɓar hagu, daga baya aka gina ganuwarsa da tubalin da aka kwaso daga kufan Sarai. Fatake daga Farisa da Indiya da Armeniya suka kafa masaukai. Har yau, ko da yake Rashanci kowa ke ji kuma Rashawa ne suka fi yawa, akwai Kazakawa da yawa, da Tatar da Nogai, waɗanda Musulmi ne, masallatansu na tsaye ba nisa da majami'u. Tun ƙarni na 17 aka fara aika kankanar yankin zuwa fadar Mosko. Yau da famfo da bututu ake jan ruwan kogi zuwa gonakin kankana da tumatir da albasa da dankali; rana mai yawa da ƙasa mai rairayi su ke sa zaƙin.

Wanda ke riƙe da ƙofa

A 1958 aka datse Volga a saman birnin da yanzu ake kira Volgograd, a 1961 aka kammala tashar lantarkin. Ita ce ta can ƙasa, mafi kusa da teku, a jerin manyan madatsun da aka gina a kan kogin da babban reshensa Kama. Daga ranar, cikar ruwan Astrakhan ta tashi daga hannun yanayi ta koma hannun hukuma. Kowace shekara akan zauna a tsara ranar da za a buɗe ƙofofi, da yawan ruwan da za a saki, da kwanakin da za a bar shi yana gudu. Masu lantarki suna son ruwa da hunturu, lokacin da ake buƙatar wuta. Masu jiragen ruwa suna son a tanada don rani. Biranen sama suna tsoron tafkunansu su yi ƙasa. Masunta da makiyayan Astrakhan, da suke can ƙarshen layi, suna son cika mai tsawo, mai hawa a hankali, a daidai lokacin da ruwa ya yi ɗumi. Sau da yawa ruwan kan zo da gaggawa ya tafi da gaggawa. A 2015, shekarar ƙarancin ruwa, wurare da yawa na fadamar ba su ga cika ba sam.

Wanda ya fi kowa shan wahala shi ne kifin da baƙin ƙwansa ya yi wa yankin suna. Dangin kifi ne masu dogon baki da ƙaya a gadon baya, babbansu beluga. A teku suke girma, amma sai sun hau kogi ɗaruruwan kilomita su sami tsakuwa kafin su zuba ƙwai. Beluga kan rayu fiye da shekara ɗari, macen ba ta fara ƙwai sai ta haura shekara goma sha biyar. A 1827 an kama wata a bakin Volga mai nauyin kilo 1,571. Madatsar ta tare kusan duk wuraren haihuwar beluga. An sa mata wata na'urar ɗaga kifi, amma ba ta yi abin kirki ba. Gwamnati ta gina gidajen ƙyanƙyasa suna sakin miliyoyin 'ya'yan kifi, abin ya ɗan riƙe, sai shekarun 1990 suka zo da talauci da masu kamun sata. A shekarar 2000 Rasha ta hana kamun beluga don kasuwa, a 2005 ta haɗa da sauran danginta, daga baya duk ƙasashen tekun suka bi. Baƙin ƙwan kifin halal da ake sayarwa yau daga gonakin kiwon kifi yake fitowa.

Kifin talaka ma bai tsira ba. Vobla, ɗan ƙaramin kifin da ake sa wa gishiri a shanya a igiya, shi ne alamar bazara a Astrakhan: da can a watan Afrilu mutane kan jeru a gaɓar birni kafaɗa da kafaɗa da sandunan fatsa, barandar kowane gida ta cika da kifi a rataye. A shekarun nan ya yi ƙarancin da hukuma ta tsaurara dokar kamunsa.

Ni da na tashi a fadamar Haɗeja, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnena. Mu ma ruwanmu daga sama yake gangarowa, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, masu shinkafa da masunta da makiyaya daga Haɗeja zuwa Nguru suka koyi cewa yawan ruwa ba shi kaɗai ne magana ba. Lokacin zuwansa da lokacin tafiyarsa su ne rai. Ruwan da ya zo ba a kan kari ba, ko ya ƙi janyewa, kacalla yake haifarwa, ba abinci ba. Na sama yana lissafin abin da madatsa ta ba shi, na ƙasa kuwa abin da ta hana shi ba ya shiga littafin kowa.

Teku na ja da baya

Volga ke kawo kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan kogunan da ke shiga Kasfiyan, don haka duk abin da ya sami kogin sai ya nuna a tekun. Daga shekarun 1930 ruwan ya yi ta sauka har 1977. Sai ya juya ya hau kimanin mita biyu da rabi zuwa 1995, ya cinye gonaki da hanyoyi. Tun daga nan yake sauka, kuma a 'yan shekarun nan ya koma wajen matakin 1977, har ya gota. Ɗumamar yanayi ta ƙara ƙafewa, ruwan kogi kuma ya ragu.

A arewacin tekun, inda zurfi bai wuce mita biyar ba a tsakaice, saukar mita ɗaya na nufin gaɓa ta matsa kilomita da yawa. Gandun da aka kafa a bakin teku a 1919 sai da aka yi ta faɗaɗa shi yana bin ruwa, har ya kusa ninka girmansa uku. Hanyar jiragen ruwa da aka fara haƙawa a 1874, mai tsawon kilomita 188 daga reshen Bakhtemir zuwa cikin teku, kullum cikin yasa take, don ta nan kayan Rasha ke bi zuwa Iran. Hanyoyin da kifi ke bi ya hau kogi suna cushewa da taɓo da ciyawa. Karen ruwan Kasfiyan, wanda babu irinsa a ko'ina, a kan ƙanƙarar hunturu yake haihuwa, ƙanƙarar kuma tana raguwa.

Ƙasashe biyar ne ke kewaye da tekun: Rasha, Kazakistan, Turkmenistan, Iran da Azarbaijan. A 2018 suka sa hannu a birnin Aktau kan yarjejeniyar yadda za su raba shi, bayan fiye da shekara ashirin suna ja-in-ja, mafi yawa a kan man fetur da gas da ke ƙarƙashinsa. Raba teku a takarda abu ne mai yiwuwa; cika shi kuwa sai an koma kan kogin, an sake lissafin abin da lantarki zai ci, da abin da gona za ta sha, da abin da dole a bari ya wuce. Wannan lissafi a Mosko ake yin sa, kuma mutanen Astrakhan, da ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na al'ummar Rasha ba, sai sun ɗaga murya sosai kafin a sa su a ciki.